Ka Ci Abinci?

Jinya wahala ce. Ban san wata hanyar faɗinta ba. Malamai sun ce akwai lada a ciki, ban kuma musa ba, amma ladan ba a nan ake karɓar sa ba. Abin da ake ba ka a nan shi ne ciwon baya, da wanki, da warin magani da ke bin ka har cikin sahu.

Matata ce ta yi ciwon, dajin baki. A ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin mulkin soja, muna zaune a gidan haya bayan tashar jirgin ƙasa a Minna. Ni mai gyaran keke ne, da faci, a bakin titi. Aji uku na yi a makaranta, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri.

Abin ya fara ne kamar ɗan miki a gefen harshe. Muka ce haƙori ne ke gugar wurin. Muka ce goro ne. Aka yi ta kurkure baki da bagaruwa har wata huɗu, miki yana ta faɗi. Da muka je asibiti suka tura mu Kaduna, a can aka yanke gefen harshen da wani wuri a ƙarƙashin muƙamuƙi. Daga nan aka ce sai mun je kudu a yi mata gashi da na'ura. Muka hau jirgi muka je, muka dawo. Na faɗe shi a layi biyar, amma shekara guda da 'yan watanni ya ci.

'Yarmu ɗaya ce, tana aure a Maikunkele, kuma a lokacin cikinta ya tsufa, ko sunkuyo ba ta iya yi. Ƙanwar matata ta zo daga Kontagora ta yi sati uku, mijinta ya aiko cewa yara sun ishe shi. Sai aka waiwaya, ba kowa sai ni.

Ni da na kai shekara arba'in da bakwai ban taɓa sanin inda ake ajiye mataci a gidana ba. Kunun farko da na dama, da ka jefa gudajinsa a kwano sai ka ji ƙara. Matata ta leƙa kofin, ta dube ni, ta mayar da kai kan filo. Ba ta da bakin magana a lokacin, amma shekara ashirin da biyar muna tare, na ji abin da ta ce.

A hankali na koya. A tace sau biyu. Kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi, kada tsami ya taɓa shi, don tsami wuta ne a bakin da aka gasa. A ba ta da ƙaramin cokali ta gefen da ba a yanka ba. A wanke baki da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane ci. Abokan aikina suka sa min suna Nas. In na leƙo bakin titi sai ka ji, “Ga Nas nan, a ba shi hanya, allura zai yi.” Ban ji haushi ba. Ba ni da sauran ƙarfin jin haushi.

Da yake ita ba ta iya rubutu ba, ni ma ba wani gwani ba ne, sai muka yi dabara. Na ajiye mata kwanon sha da cokali kusa da hannunta. Bugu ɗaya, e. Bugu biyu, a'a. In ta yi ta bugawa ba tsayawa, to wani abu take so, sai in yi ta canka har in dace. Haka na zama bakinta. Duk wanda ya shigo dubiya, ita yake tambaya, ni nake amsawa.

Kuma mutane sun zo, ba zan ci haƙƙinsu ba. Maƙwabta, 'yan masallaci, matan unguwa. Kowa da kalmarsa ɗaya: “Yaya mai jiki?” In ce da sauƙi. Ko ranar da ta wuni tana amai, da sauƙi. In mutum ya tuna da ni a bakin ƙofa ya ce, “Ina gajiya?” in ce ba gajiya. Haka ake amsawa. Ban taɓa jin wanda aka ce masa ina gajiya ya ce ga ta nan, zauna in nuna maka ba.

To a gidan namu akwai wata tsohuwa Bagwariya, mutuniyar Garatu, tana sayar da doya a babbar kasuwa. Ɗaki ɗaya ta kama a ƙarshen tsakar gida. Mama muke ce mata duka, har mai gidan hayar. Kirista ce, gajeruwa, kafaɗarta ɗaya ta ɗan sauka saboda ɗaukar kaya, don su a kafaɗa suke ɗauka ba a ka ba. Hausarta kuwa, Allah ya ba ta lafiya. A wurin Mama duniya duk maza ne. Matar liman “shi”, akuya mai ciki “shi”, 'yarta da ta haifa “shi”. Ko matata, lokacin tana lafiya, in sun haɗu a bakin famfo, “Ka kwana lafiya?” take ce mata. Mun saba, ba wanda yake ko ɗaga kai.

Tun ranar da muka dawo daga Kaduna, Mama ba ta fasa shigowa ba. Kullum bayan la'asar, in ta tashi daga kasuwa. Ta yi sallama, ta je ta kama ƙafar matata ta ɗan matsa, ba ta cewa komai. Sannan ta miƙe ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ni ina zaune a bakin gado da kofi a hannu, ta ce:

“Sannu. Ka ci abinci?”

In ce, “Ta sha kunu, Mama. Cokali goma sha biyu yau.”

“Ka yi barci?”

“Ta ɗan samu. Sau biyu kawai ta farka.”

Sai matata ta hau bugun kwano, ƙwal ƙwal ƙwal, ba tsayawa. In zabura. Ruwa? Bugu biyu. Filo? Bugu biyu. Fitsari? Bugu biyu da ƙarfi. Mama ta tsaya tana kallon mu, ta girgiza kai, ta ajiye kwanon da ta shigo da shi a bayan ƙofa, ta fita.

Kwanon nan kuwa, sakwara ce a ciki. Kullum. Sakwara mai zafi da miyar ganye, wata rana da kifi busasshe, ran Lahadi da kaza. In kaza ce sai ta tsaya ta yi bayani: “Malamin unguwa ne ya yanka, ba ni ba. Ka ci.”

Ni abin har dariya yake ba ni a cikin wahalata. Matar da ruwa ma sai da dabara yake wuce mata maƙogwaro, ita za a kawo wa sakwara? Na ce a raina, tsufa ne. Amma ba a mayar wa mutum da alheri, sai in ɗauki kwanon in miƙa wa telan da ke ɗakin kusa da namu, gwauro ne, ba mai dafa masa. Ya cinye, ya wanke, in mayar wa Mama in ce an gode. Wallahi telan nan ya yi ƙiba da ciwon matata. Har wuyansa sai da ya yi ninki.

Wata rana ina ɗan jin nishaɗi na ce bari in gyara mata. Na ce, “Mama, shekara nawa kina Minna? Mace ‘kin ci’ ake ce mata. Kin ci abinci. Ce mu ji.”

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, “Na sani.”

“To ki faɗa mana.”

Ta ce, “Ka ci abinci?”

Na yi dariya har kunu ya zube min a wando. Matata kuwa ta bugi kwano har cokalin ya faɗi ƙasa.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Ni na daina cin abinci. Ba wai na yi niyya ba ne. Ranar farko da na zauna da tuwo a gabanta bayan aikin da aka yi mata, na kai loma baki, na ɗaga ido sai na ga tana kallon yadda nake taunawa. Ba da hassada ba, kallo kawai. Lomar nan ta tsaya min a wuya. Daga ranar ban sake tauna komai a ɗakin ba. In na fita waje kuma, sai in ji kamar sata nake yi. Ƙamshin tsire a bakin tasha ya zama kamar zagi. Sai na koma shan ragowar kununta, da shayi, da goro. Wandona ya fara zamewa. Na yanko robar tsohon tub na keke na ɗaure ƙugu da ita, na saki riga a kai.

Haka aka yi ta tafiya har aka gama gashi, muka dawo, bakin ya warke a hankali. Likita ya duba ya ce wuri ya yi kyau, mu riƙa zuwa bayan wata uku-uku. Aka yi murna. Aka dafa shinkafa aka kai masallaci sadaka. Matata ta fara cin fate da tuwo mai laushi, ta fara magana, ta karɓe matacinta daga hannuna ba tare da godiya ba. Masu dubiya suka ɗauke ƙafa, don ba sauran abin dubawa. Mama ma ta tattara ta tafi Garatu, lokacin haƙar doya ya yi, ta ce sai an gama.

Kowa ya ɗauka an gama. Ni ma haka na ɗauka. Ashe nawa ne zai fara.

Lokacin da take kwance, ina da aikin yi kowane minti, ba ni da sararin tsoro. Da ta miƙe sai tsoron ya samu kujera ya zauna. In ta yi tari, in tashi zaune. In ta taɓa kunci, in ce me ya faru. Na sayi tocila, kullum sau uku sai na ce ta buɗe baki in haska. A wurin aiki in riƙe sifana in manta me zan kwance. Abincin kuma bai dawo ba. Ta sa min tuwo, in taɓa, in ce na ci a waje. Mutane suna ce min, “Ai sai godiya, Allah ya ba da lafiya,” in ce ƙwarai kuwa. Wa zan gaya wa cewa matata ta warke ni kuma ina lalacewa? Da wane baki? Ita aka yanka, ba ni ba.

Ranar da abin ya fashe, wata Talata ce. Na yi wa wani ma'aikacin reluwe faci, na mayar da tub, na huda shi da ƙarfen cire taya. Na sake, na sake hudawa. Sau uku. Mutumin ya ce, “Nas, ko dai allurar ce ka saba?” Aka yi dariya. Na rufe akwatin kayan aiki na tafi gida, ko la'asar ba a kira ba.

Na same ta tana tsince shinkafa a faranti. Na ɗauko tocila na ce, “Buɗe in gani.”

Tun bayan aikin da aka yi mata, harshenta ba ya kama wasu haruffa. Ƙ ta zama k, tsa ta zama sa, magana tana fita a hankali kamar mai tafiya a laka. Ita da kanta take cewa yanzu Hausarta da ta Mama uwa ɗaya uba ɗaya. Zan rubuta abin da take nufi, ba yadda ya fito ba.

Ta ce, “Ka duba da safe.”

“Buɗe dai.”

“Malam, bakina ne ko shagonka?”

Ban san lokacin da na yi jifa da tocilar ba. Ta bugi bango, batir ya yi nan, gilashi ya yi can. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba ko tana lafiya. Na ce shekara guda ban runtsa ba, ban ci ba, ban sha ba, na zama abin dariya a bakin titi, ba wanda ya taɓa cewa kai fa, ko mutum ɗaya, sai yaya mai jiki, yaya mai jiki, kamar ni ba jiki gare ni ba, itace ne. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba. Sannan na zauna a ƙasa. Idona ya kawo ruwa. Na ce hayaƙin risho ne. Risho a kashe yake.

Ta ajiye farantin. Na ɗauka kuka za ta yi, ko fushi. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi, da rabin bakin da ya rage mata, tana riƙe muƙamuƙi don kada ya yi mata ciwo.

Ta ce, “Ko mutum ɗaya?”

“Ko ɗaya.”

“Mama fa?”

“Mama me? Ke take tambaya.”

“Ni take tambaya ko na ci abinci, alhali ruwa ma da ƙyar yake wuce min?”

Na ce, “Ai Hausarta ce haka. Kowa ‘ka’ take ce masa.”

Ta ce, “Ni ƙafata take kamawa, ta gama da ni ke nan. In ta miƙe, kai take kallo. Kai kuma bakina kake kallo. Wata nawa ina buga maka kwano har hannuna ya gaji, kana kawo min ruwa, kana kawo min filo. Rannan har fo ka kawo min a gaban baƙuwa.”

Na dubi kwanon shan da cokalinsa.

“Sakwarar fa?” ta ce. “Kai a hankalinka, matar da ta haifi bakwai, ta yi jinyar mijinta shekara biyu har ya rasu a hannunta, ba ta san mai ciwon baki ba ya cin sakwara ba?”

Ni ban ma san ta yi jinyar miji ba. Shekara shida muna gida ɗaya.

Na ce, “To me ya hana ta faɗa min a fili?”

“Wane fili ya wuce ‘ka ci abinci’? Ita ce kaɗai a garin nan ta yi maka Hausa daidai, ka tsaya kana gyara mata.”

Ta bari na ɗan sha kunyata, sannan ta ci gaba. Ta ce da bakinta ya fara buɗewa, maganar farko da ta yi wa Mama ke nan, ran da na fita sayen kananzir. Ta ce mata ta kama ni ta girgiza. Mama ta ce a'a. Ta ce mai jinya kunnensa ba a jikinsa yake ba, yana jikin mara lafiya, ko an yi masa ihu ba zai ji ba. Ita ma lokacin nata wata ƙanwar mijinta ta yi ta kawo mata abinci tana zuba wa kaji. Ta ce a dai yi ta tambaya, ranar da kunnen ya dawo zai ji. Ta san tela ne ke cinye sakwarar, ɗakinta yana kallon nasa. Ba ta fasa dakawa ba.

Na ce, “Ke kuma da kika samu baki, me ya sa ba ki gaya min ba?”

Ta ce, “Na sa maka tuwo sau nawa? Ka ce ka ci a waje. Na ga robar da ka ɗaure wando da ita, Malam, ni nake wanki yanzu. Ina jira ne ka faɗa da bakinka. Naka ai ba a yanka ba.”

Sai ta matso ta zauna kusa da ni a ƙasa. Ta ce ita ba ta taɓa jin zafin ganin ina tauna ba. Ranar nan da ta kalle ni, so take ta ga ko gishirin miyar ya ji, don maƙwabciya ce ta yi, ita kuma ba ta yarda da hannunta ba. Shekara guda na yi da yunwa a kan gishirin miya.

Na tattara gilashin tocila don kada ta taka. Da na fito zubarwa na ci karo da tela a tsakar gida, ya ce, “Nas, wai yaushe Mama za ta dawo ne? Gari ya yi shiru.” Na dube shi, na dubi wuyansa, na wuce.

Washegari da na dawo daga sallar asuba ban nemi tocila ba, ai ta ma fashe. Na ɗauko kwanon Mama, na ƙarshe da ta kawo, yana nan a bayan ƙofa ban mayar ba. Matata ta ce ina za ni da kwano da sassafe. Na ce Garatu. Ta ce in canza wando.

Na shiga motar Bida na sauka a bakin hanya, na yi tambaya aka nuna min gidan. Na same ta a gindin mangwaro, ga doya tsibi a gabanta tana ware manya da ƙanana. Ta ɗaga kai ta gan ni da kwano a hannu, ta miƙe da sauri, fuskarta ta canza.

Na ce, “Lafiya lau take, Mama. Tana gaishe ki.”

Ta sauke numfashi. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, yadda ta saba. Sannan ta ce, “Sannu. Ka ci abinci?”

Na ce, “Ban ci ba.”

“Ka yi barci?”

“Ban yi ba, Mama. Na gaji. Wallahi na gaji.”

Ta ce, “Yauwa.” Kamar na ci jarrabawa.

Ta ƙwala wa surukarta kira da yarensu, aka ɗora tukunya. Ta jawo min kujera 'yar tsugune ta ce in zauna, ta koma kan doyarta, ba ta sake tambaya ta komai ba. Ni kuwa na yi ta magana, tun daga mikin farko har tocila. Rabin abin da na faɗa ban san ko ta gane ba. Tana dai cewa, “Haka ne. Haka yake yi.”

Da aka kawo sakwarar ta tura min kwanon da ƙafa, don hannunta duk ƙasar doya ne, ta ce, “Kifi ne, ba sai malam ya yanka ba. Tela ba shi nan. Ka ci.”

Na wanke hannu, na sassauta robar ƙuguna, na ci.